Kwalba ta Goma Sha Uku

Litinin, kwana na 23 a ƙirga, ƙarfe goma na safe

Sulika 'yata, Babanki yana nan, ƙafar ce dai har yanzu take kumbura da yamma, kuma ya ƙi komawa wurin likita. Yayanki Armand ya bugo daga Toronto, shi da matarsa lafiya, ƙaramarsu ta yi tari ta warke. Gwaggonki Rahma ta bene na sama ta zame a banɗaki, ba ta karye ba, amma tana kwance. Ni lafiyata ƙalau, barci ne kawai babu. Ke ce ban sani ba. Ke da abin da ke cikinki.

Wannan littafin makarantarmu ta manya ne, wanda malamar ta ba mu mu riƙa rubuta abin da muka yi a yini. Shekara uku ke nan da na fara riƙe alƙalami, kin sani, don haka kar ki yi dariyar layukana da suke gangarowa. Ban san ko zan aiko miki da shi ba. Gidan ne ya yi shiru da yawa.

Babanki yana ƙirga kwanakin da ke tsakanin idin Pesah da idin Shabu'ot kowace yamma kamar kullum, da ƙarfi, fuskarsa na kallon bango. In ya ce ashirin da uku, ni a raina sai in cire biyu. Kwana ashirin da ɗaya ke nan da ke da mijinki Zelig kuka ɗauki jakunkunanku kuka koma garinku Monsey.

Ba zan yi maganar abin da ya faru a matakala ranar nan ba.

Talata, kwana na 24, ƙarfe huɗu na yamma

Tarho bai yi ƙara ba. Na ɗaga sau biyu in ji ko yana aiki. Yana aiki.

Laraba, kwana na 25, bayan abincin rana

Lalla Izza ta zo, shugabar matan majami'armu, inda ake karanta mana Attaura, da jaka biyu cike da takardu masu launi. Tana shigowa ta ce, "Fereha, buɗe labulen nan mana, ko gawa kika ajiye?"

Na ce rana tana damun idon Makluf.

Ta ce, "Makluf yana majami'a tun asuba, na gan shi. Idon ya bari a gida?"

Bana idin ya manne da Asabar, kwana uku a jere ba a aiki, ba yanka fure ba gyara. Furen gaske zai sunkuyar da kai tun rana ta biyu, ya zubar da ganye cikin abincin mutane. Don haka matan suka ce a yi na takarda, kwalba ɗaya a kan kowane tebur na zauren cin abinci. Tebur goma sha biyu.

Na ce me ya sa ni.

Ta ce, "Don ke kika yi shekara ashirin kina yanka hannun riga a masana'anta. Sauran in na ba su almakashi yatsunsu za su yanke su ce laifina ne. Kuma na gaji da ganin fuskarki kamar lemon da aka matse." Ta sha shayi, ta dubi tarho, ta dube ni. "Ta bugo?"

Na ce kina da aiki.

"Mai ciki wata tara, wane aiki? Taurin kan ubanta gare ta. Duwatsu biyu kika raina a gida ɗaya, 'yar'uwa, ke kuma kika kwanta a tsakani."

Da ta tafi na gwada ɗaya. Ganye goma sha biyu ga kowane fure, ƙanana a ciki, manya a waje. Ana jan bakin ganyen a kan bayan almakashi sai ya lanƙwashe, a shafa gam kaɗan a gindi, a naɗa a kan siririn ƙarfe, a rufe ƙarfen da koren zare. Na wanke kwalaben zaitun na cika su da gishiri mai gari-gari don furannin su tsaya. Na farko ya fito kamar kabeji. Na uku ya yi kyau, har na juya in nuna wa wani.

Juma'a, kwana na 27, kafin kunna kyandir

Kwalba uku sun kammala. Na ɗora abincin Asabar da muke kira dafina a babbar tukunya, ta mutum shida, don hannuna bai iya ta mutum biyu ba. Na shirya tebur na ajiye faranti uku ban sani ba. Babanki ya tsaya ya dubi na ukun. Na ɗauke.

Gobe Asabar, ba rubutu.

Lahadi, kwana na 29, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na bugo miki. Na jira sai da Babanki ya fita.

Zelig ne ya ɗauka. Faransancinsa bai fi kalma goma ba, Turancina bai kai haka ba. Na ce, "Zelig, Mama ce." Ya ce, "Madam." A da Mama yake cewa, da wannan bakin nasa da yake sa ni dariya. Na ce Sulika. Ya ce tana hutawa. Na ce lafiya? Ya ce lafiya. Sai ya ce, "Madam, kwalin. A ajiye." Na ce an ajiye, babu wanda ya taɓa farantansa.

Na ji kin yi tari a bayansa. Na san tarinki.

'Yata, na san ba don ƙiyayya kika ture kwanon ba. A gidan mijinki ba a cin wake a Pesah, kin gaya mini tun kafin ku zo, sau biyu ma. Ni ce na ɗauka in kin ji ƙamshin miyar ɗanyen waken da uwata take yi za ki manta. Ni na zuba, ni na ajiye a gabanki a gaban mijinki. Abin da Babanki ya faɗa kuwa, da abin da ya biyo baya, ina ji a kunnena in ina wanke-wanke. Na ce ba zan yi maganar ba.

Litinin, kwana na 30, da safe

Kwalba bakwai. Yatsuna duk gam. Tarho bai yi ƙara ba.

Talata, kwana na 31, ƙarfe uku na yamma

Wani tunani ya zo mini ina naɗa zare. Abincina ba ya shiga gidanki, na yarda. Amma takarda ba a cin ta. Babu malamin da zai tambaya a wace tukunya aka dafa fure. Zan yi kwalba ta goma sha uku, taki, ki ɗora a teburinki ranar idi.

Izza ta auna takardunta daidai tebur goma sha biyu, ko tafin hannu ba za a rage ba. Na shiga ɗakinki neman ko kin bar wani abu, sai na ga kwalin da Zelig ya kawo farantansa a ciki, don ba ya ci a namu. Waɗanda suka rage suna nan, na ƙirga, huɗu. A ƙarƙashinsu akwai takardu sirara masu ruwan hoda, irin waɗanda ake shimfiɗawa don kada faranti ya fashe. Akwai ɗan zane-zanen fensir a gefe ɗaya, kamar sawun kaji, irin alamun da 'yan kanti suke yi. In na juya wannan gefen ciki ba ya fitowa.

Takardar ta fi ta Izza kyau nesa ba kusa ba. Tana riƙe lanƙwasa kamar furen gaske. Yau na yi waƙa a kicin, karo na farko tun Pesah.

Alhamis, kwana na 33, da yamma

Yau ranar kunna wa waliyyai kyandir ce, na je majami'a. Na kunna biyu, ɗaya don ki sauka lafiya, ɗayan ban faɗi don me ba.

Matan suka kewaye ni. Wannan ta ce yaushe za ki tafi ki zauna mata, waccan ta ce kin haɗa kayan jariri, wata ta ce ai 'yar fari ba ta haihuwa ba uwa a kusa. Na ce sai sun kira. Ba ƙarya na yi ba. Izza ta ja hannuna ta ce, "Ku bar mini ma'aikaciyata, tebur uku suka rage mata," ta fitar da ni.

Na dawo ta dogon titi don kada in iso gida da wuri.

Lahadi, kwana na 36, ƙarfe biyu na rana

Na gama na majami'a, goma sha biyu suna jere a kan gadonki. Na gama naki. Fure tara, masu ruwan hoda, babu wanda ya yi kamar ɗan'uwansa. Ban taɓa yin abu mai kyau haka da hannuna ba. Na ɗora a tsakiyar tebur in riƙa gani kafin in sami mai kai miki.

In kin haihu cikin idi, kwana uku ba mai ɗaga tarho. Zan zauna a nan ina cin gurasa da zuma, jikana yana duniya ban sani ba.

Litinin, kwana na 37, da la'asar

Ki yi haƙuri da rubutun.

Muna cin abincin rana sai ganye ɗaya ya saki ya faɗo kusa da farantin Babanki. Ya ɗauka zai ture, sai ya tsaya. Ya sa tabarau. Ya tashi da ƙafar nan tasa ya je taga ya ɗaga shi a haske. Sai na ga ya kai shi bakinsa ya sumbata.

Ya ce, "Fereha, daga ina kika samo takardar nan?"

Rabon da ya kira sunana tun Pesah.

Na ce daga kwalin faranti, shimfiɗa ce.

Ya ce, "Kin san abin da kika yanka?"

Na ce alamun kanti ne.

Ya ce, "Maganar Attaura ce. Rubutun mijin 'yarki ne. Karatunsa, abin da ya fahimta da kansa ya rubuta. Ga kwanan wata a nan, tun farkon sanyi ya fara." Ya dubi furannin ɗaya bayan ɗaya. "Nawa kika yanka?"

Goma sha tara. Cikin talatin da ɗaya.

"Ragowar da almakashi ya zubar fa?"

Na dubi kwandon shara. Tuni na share su na zuba a ciki tare da ɓawon albasa, motar shara ta kwashe ranar Juma'a. Maganar da ake binnewa a maƙabarta kamar mutum.

Ya zauna ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya. Na jira ya yi faɗa. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Yanzu na gane abin da ya sa Zelig ya juyo daga ƙasan matakala ranar da kuka tafi yana nuna sama, kafin a rufe ƙofa. Yanzu na gane kwalin da ya ce a ajiye.

Talata, kwana na 38, da safe

Na ɗauka na iya karatu.

Laraba, kwana na 39, ƙarfe biyar na yamma

Na san baƙaƙe masu tsarki, 'yata. Masu kusurwa, na littafin addu'a, waɗanda ban taɓa iya karantawa ba amma na san fuskarsu tun ina yarinya. Da su na gani da na sumbace su na ɗora a sama. Na san na Babanki na hannu. Ban san mutanen Zelig suna da nasu mai lanƙwasa ba. Shekara uku ina koyon baƙaƙen Faransanci, ina karanta sunan tituna da ƙarfi a cikin bas kamar yarinya, kuma na zauna da almakashi a kan Attaura kwana huɗu ina waƙa.

Na kai wa Izza kwalabenta, na gaya mata.

Sai ta ce, "Akwatin da ake tara takardu masu tsarki don binnewa yana bayan ƙofar majami'a. Jefa su ciki ki kama bakinki. In Zelig ya tambaya ki ce ɓera."

Na ce babu ɓera a gidana.

"To ki samo ɗaya. Fereha, yarinyar nan saura kwana nawa ta haihu? Da ƙyar ake neman a buɗe ƙofa, ke kuma za ki je da wannan a hannu? In ya ji, ba ki ganin jikan nan sai ya yi gemu."

Ta faɗi gaskiya, shi ya sa na je. Na tsaya a gaban akwatin da furannin a cikin jaka. Bakin akwatin siriri ne, sai an matse fure kafin ya shiga. Na tuna yadda Zelig ya ce a ajiye, na ce an ajiye. Na dawo da su gida.

Alhamis, kwana na 40, ƙarfe uku na yamma

Na warware su duka. Tururin buta yana sakin gam, fensir kuma bai goge ba, Allah ya taimake ni a nan. Na shimfiɗa ƙyalle na bi kowane ganye da dutsen guga mai ɗumi. Ɗari da takwas. Sun cika teburin cin abinci har da kujeru.

Na ce zan haɗa su kamar yadda ake haɗa yadi, baki da baki. Amma bakin da zai haɗa su shi ne na zubar. Ban ma san sama da ƙasa ba. Na riƙe biyu a hannu tun safe ina juyawa.

Babanki ya ci abincinsa a tsaye a kicin. Ya wuce ta gefen tebur sau uku yana kallon rufi.

Tarho bai yi ƙara ba. Yau ban so ya yi ba.

Juma'a, kwana na 41, kafin kunna kyandir

Na rufe su da farin mayafi don Asabar. Za mu ci a kicin. Mako mai zuwa war haka Asabar ɗin da ta manne da idi ta shigo.

Lahadi, kwana na 43, ƙarfe shida na yamma

Da safe na yaye mayafin na zauna. Babanki ya dawo daga majami'a, bai cire hula ba, ya ja kujera ya zauna a ɗaya gefen, ya ɗora ƙafar a kan akwati. Ya ɗauko takardu goma sha biyun da ban yanka ba ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wannan mutumin rubutu yake yi ko kyankyaso ya saka ya yi masa rawa a kan takarda?"

Na ci gaba da juya ganyen.

Ya ce, "Miƙo mini wancan, mai tabon shayi. A'a, juya shi. Kin riƙe shi ƙafa a sama."

Haka muka yi har rana ta karkata. Shi yana karantawa yana cewa wannan bayan wannan, ni ina mannawa a kan farar takarda, ina barin fili inda almakashina ya ci. In abin da ya ɓace aya ce da ya sani, sai ya cike da shuɗin alƙalaminsa, a rubutunmu. In tunanin Zelig ne, sai ya ce bar shi haka, ba ni da ikon sa masa magana a baki. Filayen suna da yawa, 'yata. Wani shafin rami ya fi rubutu yawa.

Can wajen shafi na bakwai ya daina neman ganye, yana karatu kawai, yana gyaɗa kai. Ya ce, "Yaron yana da kai."

Na ce ka gaya masa mana.

Ya ce, "Ban ce yana da ladabi ba."

A shafi na tara kuwa ya buga tebur har ganyaye suka tashi. Ya ce a nan Zelig ya yi kuskure, malaman garinmu ba haka suka fassara ba. Ya cika gefen takardar da rubutu. Na ce, "Makluf, don Allah, mun yanka masa karatu, kuma za ka ce masa ya yi kuskure?" Ya ce, "Ke kika yanka. Ni karantawa na yi. In ya iya, ya ba ni amsa."

Shafi goma sha ɗaya suka tsaya. Sauran ganye arba'in da wani abu ba mu san mazauninsu ba, na zuba su a ambulan. Da muka gama ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Bai ambaci sunanki ba. Na zauna ni kaɗai da kwalbar gishiri.

Litinin, kwana na 44, ƙarfe tara na safe

Ɗan ƙanwar Izza zai taso zuwa wajenku da tsakar rana, ya ce gobe zai kawo har ƙofa. Zan ba shi kwalin da faranti huɗu, da takardun, da ambulan, da wannan littafin. Na so in yage wasu shafukan, amma na gaji da yanka takarda.

Ki karanta wa Zelig abin da na rubuta ranar Litinin da ta wuce, ki fassara masa duka, kar ki rage don ki kare ni. Ki gaya masa ni ce, ni kaɗai, babu ɓera. Ki gaya masa na san ba za a iya mayarwa ba. Abin da Babanki ya rubuta a gefen shafi na tara ban san me ya ce ba, ban iya karantawa ba, ina tsoron ya ƙara ɓata abu. Bai ba da haƙuri ba, ba zan ce ya bayar ba. Na ga dai ya sake kwafe shi sau biyu don rubutun ya fito sosai.

Ga abin da nake roƙo. Bas na ƙarshe da zai kai ni wurinki kafin idi yana tashi ranar Alhamis da safe. Ba zan kawo abinci ba, ko alewa. Zan ci abin da kika ba ni a farantin da kika nuna mini, ba zan taɓa tukwanenki ba sai kin ce. Kujera ta ishe ni barci. Ina so in kasance a bayan ƙofa in abin ya zo, shi ke nan.

In Zelig ba ya son ganin fuskata bayan ya ga takardunsa, yana da gaskiya, ki gaya mini haka ma, kar ki bar ni ina ɗaga tarho in ji ko yana aiki.

Ki bugo kafin rana ta faɗi ranar Laraba. Ba sai kin yi doguwar magana ba. Ki ce zo, ko ki ce kar ki zo. Ba zan fita ko'ina ba, ina nan kusa da shi.

Mamanki,
Fereha